Ranar da Ɗanhausa Ya Juya wa Waya Baya

Ku gyara zama. Mai kofin shayi a hannu ya ajiye shi ƙasa tukuna, don labarin nan ya sha ƙware mutane.

A garin Yankara, ƙasar Faskari, akwai wani dillalin awaki da tumaki ana ce masa Malam Ɗanhausa. Gajere ne kakkaura, da wata doguwar hula wadda ke riga shi shiga kasuwa. Ba ya jiran maroƙi, shi ke yi wa kansa kirari.

"Ni ne Ɗanhausa gagara-taya!" in ji shi. "Tun da na fara riƙe igiya ba a taɓa cin kwabona ban sani ba."

Abu biyu yake taƙama da su. Na farko wani ragonsa da ya ba ƙanen matarsa kiwo a Pauwa tun ragon yana ɗan ƙarami. Wata takwas bai je ya gan shi ba, amma kullum a teburin Sagiru mai shayi ragon ƙara girma yake yi, har ya kusa kamo maraƙi. Na biyu kuwa dabararsa ta ciniki, wadda yake koya wa kowa kyauta ko ba a tambaye shi ba. Ka fara raina kaya. Sannan ka juya baya ka kama hanya. Kada ka kuskura ka waiwaya sai mai kaya ya ƙwala maka kira. Iya nisan da ka yi, iya ragin da za ka samu.

Matarsa Ramatu mace ce mai sana'a, ba ta da yawan magana. Maƙwabciyarta Rahila za ta aurar da ɗanta Daniel, ta zo ta ce ita dai taliya 'yar murji take so a ci a bikin, kuma ta hannun Ramatu. Har ta kawo rabin buhun fulawa ta dire a ɗaki. To, injin murza taliyar Ramatu ya tsufa, haƙoransa sun cinye, in an sa ƙulli sai ya fito kamar tsumma. Ta kama akuyarta guda ɗaya tilo ta sa aka sayar, naira dubu ashirin da biyar. Saura kwana goma sha bakwai biki.

Ta ce, "Malam, Blessing mai POS ta nuna mani inji a waya, a wani shago wai shi Kanti-a-Aljihu. Dubu ashirin da huɗu har da kawowa. Zan ba ta kuɗin ta yi mani oda."

Ɗanhausa ya aje cokalin kunu. "Ina raye? Matar gagara-taya ta ba wata yarinya ciniki? Kawo kuɗin nan. Ba ga tawa wayar ba, babba, mai shafe-shafe?"

"Malam, abin nan ba akuya ba ne."

"Ciniki ai ciniki ne."

Ranar kasuwa ce. Ya tafi rumfar Blessing, wadda ke jikin teburin Sagiru, ya zuba kuɗin a asusunsa. Blessing ta buɗe masa shagon a waya, ta nuna masa inda zai danna. Ya leƙa hoton injin, ya taɓe baki don kada injin ya ga ya ƙosa, sannan ya danna da babban yatsa kamar mai dangwala ƙuri'a.

Wayar ta yi ƙara, alat ya shigo. Ya miƙa wa Blessing ta karanta.

"An cire dubu ashirin da huɗu," in ji ta, "da ɗari uku da hamsin."

"Da me?"

"Da ɗari uku da hamsin, Baba. Kuɗin hidima. Akwai wani kamfani, Gadar Kuɗi, shi ke ɗaukar kuɗin daga asusunka ya kai wa masu shago. Ladansa ke nan."

Ɗanhausa ya miƙe tsaye, hula ta bugi rufin rumfa. "La'ada! La'ada ce wannan! Jama'a ku zo ku ji, an ci la'ada a kan sarkin cin la'ada! Wane dillali ne wannan? Ya gaishe ni? Ya riƙe igiya? Ya sha rana?"

Sagiru ya ɗaga tulun shayi yana zubawa daga sama. "Malam Ɗanhausa, kuɗin shayi da rabin burodi ne fa. Zauna in ba ka bashi."

"Ba kuɗin ba ne, Sagiru, raini ne! Ku zama shaida, ku duka. In ban karɓo ɗari uku da hamsin ɗin nan ba, har da ragi a kan injin, to ni Ɗanhausa, da hannuna zan murza taliyar bikin Daniel, a ƙofar gida, kowa na gani."

Masu shan shayi suka ce sun shaida. Wani tsoho ya ce a maimaita, bai ji da kyau ba, aka maimaita masa.

"Ina wurin da ake fasawa?" Ɗanhausa ya tambayi Blessing.

"Baba, kada ka soke. In ka soke za su cire dubu ɗaya da ɗari biyar, kuma sai kuɗin sun yi kwana biyar kafin su dawo."

"Barazana ce. Ni ma ina ce wa mutane an riga an taya, alhali ko ƙuda bai taya ba. Nuna mani."

Ta nuna masa. Ya danna. Sannan ya ɗora wayar a kan bencin Sagiru, ya dube ta sama da ƙasa, ya ce mata, "Albarkar kayanku. Ku riƙe abinku." Ya juya baya, ya harɗe hannuwa a ƙugu, ya kama hanya.

Ya wuce masu hatsi, bai waiwaya ba. Ya wuce masu manja. Wani ya gaishe shi daga baya, ya amsa yana kallon gabas. Ya wuce 'yan tukwane, ya fita kasuwar gaba ɗaya, ya fara rage sauri, don a Yankara ba a taɓa barinsa ya wuce 'yan tukwane ba. Yana dab da gonar wani sai ya ji muryar Sagiru.

"Malam Ɗanhausa! Ta yi magana!"

Ya dawo a guje, hula a hannu. Blessing ta karanta saƙon tana danne dariya: "Ɗanhausa, mun yi kewarka! Injinka yana nan yana jiranka."

Wayyo, ku zo ku ga rawa. Ya tattare babbar riga, ya yi juyi uku a tsakiyar hanya, har wata jaka ta firgita. "Kun ji? Da sunana suka kira ni! Kewata suke yi! Blessing, nawa suka rage?"

"Ba su rage ba, Baba. Kowa suke aika wa haka."

"Kowa sunansa Ɗanhausa? To bari su ƙara jin jiki."

Da ya koma gida Ramatu ta tambaye shi yaushe inji zai iso. Ya ce ciniki ya yi nisa.

"Ina kuɗin akuyata?"

"Suna hanya."

"Hanyar zuwa ko ta dawowa?"

"Ramatu, manyan kuɗi ba su zama wuri ɗaya."

Ta dube shi, ta dubi buhun fulawar Rahila. Washegari aka ga ta shiga gidan Rahila, suka daɗe suna magana ƙasa-ƙasa.

Kuɗin suka dawo bayan kwana shida, sun rame, saura dubu ashirin da biyu da ɗari biyar. Ɗari uku da hamsin kuwa ko ƙurarsu. Kasuwa ta zagayo, Ɗanhausa ya fita da sassafe don ya samu abin cikawa. Yana isa wajen dabbobi sai ga Rahila riƙe da igiyar wani ɗan rago fari mai baƙin kunne, ga kuma wani mahauci daga Ƙanƙara yana zagaya shi.

"Baban yara, taimaka mani da wannan," in ji Rahila. "Aike ne. Mai shi ya ce dubu arba'in da biyar."

Mahaucin ya ƙifta wa Ɗanhausa ido. Ɗanhausa ya gane akwai ɗan abin goro a wannan ɓangaren. Ya durƙusa, ya buɗe bakin rago, ya matsa cinya, ya ɗaga wutsiya, ya yi tsaki mai tsawo.

"Rahila, rago ne wannan ko kyanwa aka sa wa ƙaho? Dubi haƙarƙari, mutum zai iya koyon ƙirga a kai. Wallahi duk wanda ke da ragon nan bai san dabba ba. Da za ki ga nawa na Pauwa, sai ki maida wannan gida ki rufe don kunya."

Rahila ta ja mayafi ta toshe baki, kafaɗunta na rawa. Ɗanhausa ya zaci kuka take yi, ya ƙara ƙaimi. Ya ja mahaucin suka juya baya suka yi taku goma. Rahila ta kira su. Aka sallama a dubu talatin.

Ya ƙirga kuɗin, ya zare la'adarsa, sannan ya sake zare ɗari biyar.

"Wannan fa?" in ji Rahila.

"Kuɗin igiya."

"Ai da igiyata na zo."

"To kuɗin riƙe ta."

"Ba ka faɗa mani da farko ba."

"Ba a faɗi. Haka ake yi."

Ya nufi rumfar Blessing yana fito. A can ya tarar injin ya tashi zuwa dubu ashirin da biyar. Ya ce wannan alamar tsoro ce, mai kaya in ya rikice haka yake yi. Ya cika kuɗi ya sake saye, don su ga da gaske yake, yana da tabbacin wannan karon ba za su yi gigin cin la'ada ba.

Alat ya shigo.

"Da ɗari uku da hamsin," in ji Blessing.

"Soke!"

"Baba, don Allah. Saura kwana goma biki."

"Na ce soke! Na gane kuskurena. Rannan ban yi nisa ba. Mai akuya kake yi wa taku ashirin. Kamfani guda, mai rassa a birane, ai sai ka bar masa garin."

Washegari ya ba Sagiru ajiyar wayar, ya ce ta zauna nan kan benci ta ji yadda rashinsa yake. Ya hau tsohon babur ɗinsa ya tafi Faskari bai waiwaya ba, ko madubin babur bai kalla ba, har ya kusa taka tunkiya. Ya samu inuwar wata bishiya kusa da tasha ya zauna. Hantsi ya yi. Azahar ta yi. Ya sayi rake ya sha. Ya sayi gyaɗa. Wani ɗan acaɓa da ya san shi ya tsaya.

"Malam, lafiya? Tun safe nake ganinka nan."

"Kira nake jira."

"To Allah ya sa ka ji. Ko sabis ne babu? Kawo wayar in duba maka."

Ɗanhausa ya shafa aljihun dama. Ya shafa na hagu.

"Tana Yankara," ya ce.

"To da me za a kira ka?"

"Kai dai ba ka san ciniki ba," in ji Ɗanhausa, ya tashi ya buga babur.

Kafin ya iso gida labarin ya riga shi, don ɗan acaɓan ya fi shi gudu. Sagiru ya tare shi da fara'a. "Sannu da zuwa, gagara-taya. Mun yi ta ƙwala maka kira daga nan, iska ce ba ta yi wajen Faskari ba."

A wayar akwai saƙo guda: injin saura uku kacal.

"Ƙarya ce irin ta 'yan kasuwa," in ji shi. "Gobe zan yi magana da maigidansu baki da baki."

Da safe ya sa katin ɗari biyar, Blessing ta danna masa lambar shagon. Wata murya ta ce barka da zuwa Kanti-a-Aljihu. Ɗanhausa ya gyara murya.

"Barka kadai, Hajiya. Ina kwana? Ina gajiya? Ya iyali? Ya ruwa wajenku?"

"Domin sayayya, danna ɗaya."

"Madalla. Ya maigidan?"

"Domin ƙorafi, danna biyu."

"Hajiya, ana gaishe ki kina ƙirga?"

"Baba, na'ura ce," in ji Blessing. "Danna biyu, katinka na tafiya."

Ya danna. Aka sa masa kiɗa, ya saurara har ya fara kaɗa ƙafa. Can wata mace ta gaske ta ɗauka, ta ce sunanta Fatima Zahra'u, da me za ta taimaka.

"Yauwa, ɗiyata. Ni ne Ɗanhausa na Yankara, na san kin san ni. Injin nan naku na duba shi. Ramamme ne. Mariƙinsa gajere. Ƙarfen ma kamar na gwangwanin madara. Don dai mutunci nake son in rage maku kaya."

"Baba, in bai yi maka ba ai ba dole."

Wannan amsa ba ta cikin lissafinsa. Ya yi tari. "A'a, ba a haka. Ke sai ki ce, haba Alhaji, ƙara wani abu. To ina la'adata ɗari uku da hamsin, sau biyu?"

"Wannan ba mu muke karɓa ba, Baba, Gadar Kuɗi ne. Kuma an rubuta shi a ƙasan shafin kafin ka danna."

"A ƙasa! Wa ke duba ƙasa? To haɗa ni da Gadar."

Wayar ta yi ɗif. Kati ya ƙare. Ya sa wani, ya kira Gadar Kuɗi, suka ce ya tuntuɓi banki. Ya sa na uku ya kira banki, suka ce ya tuntuɓi mai shago. Sagiru ya ce da katin nan shayi aka saya da an shayar da layin masu hatsi kaf.

A gida Ramatu ta tare shi a bakin ƙofa. "Malam, saura kwana takwas. Taliya sai an murza, sai an shanya, sai ta bushe. Na ba ka yau da gobe."

"Gobe ma ta isa. Gobe zan yi masu tafiyar da ba a taɓa yi wa mai kaya ba."

Washegari garin Sabuwa ya nufa, wannan karon da wayar a aljihu, amma ya juya fuskarta baya don kada ta zaci kallonta yake. An yi ruwa kwana biyu kafin nan, hanya ta zama kunu. Ya faɗa rami na farko ya fita. Ya faɗa na biyu, takalmi ɗaya ya zauna a can. A na uku babur ya nutse har wurin zama ya mutu. Wasu manoma biyu da ke dawowa daga gona suka ciro shi, shi da babur, ba a bambance wane ne wane.

"Baba, ina za ka a hanyar nan kai kaɗai?" suka tambaya. "Ko ba ka da lafiya a gida?"

"Ciniki nake yi."

Suka dubi gaba, suka dubi baya, ba kowa sai itatuwa. Ɗayan ya matsa kaɗan.

Ya ciro waya, babu sabis ko ɗigo. Manoman suka ce sai dai in ya hau waccan ɗorawar, can sama ake samu. Ya cire rigar da ta yi nauyi da laka, ya dafe hula, ya hau. A reshe na uku wayar ta yi ƙara. Ya yi kabbara. Da yake ba ya karatun boko sosai, sai ya yi ta juya ta, har ya gane lamba ɗaya a cikin saƙon.

"Saura ɗaya!" ya yi ihu daga sama. "Sun kusa durƙusawa!"

Bai sauko ba. Ya ce zai jira kiran ragi a nan. Cinnaku kuwa ba su san da wannan shiri ba. Suka shiga ta ƙafar wando. Ya yi haƙuri irin na manyan dillalai, ya cije, ya murguɗa, ya soshi reshe da cinya. Wayar ta sake ƙara daidai lokacin da wani cinnaka ya samu wuri mai kyau. Ɗanhausa ya saki reshe don ya kai masa mari. Allah ya sa ƙasa laka ce.

Ɗaya daga cikin manoman ya tsinci wayar ya karanta masa: "Yi haƙuri, wannan kaya ya ƙare."

Ya iso Yankara da la'asar yana tura babur, ƙafa ɗaya ba takalmi. Bai bi ta teburin Sagiru ba, ya zaga ta bayan gari. Kwana uku yana shiga gida a sace yana fita a sace. Abin da ya fi tsorata shi, Ramatu ba ta ƙara tambayarsa komai ba, har waƙa take yi tana tankaɗe fulawa.

Ranar kasuwa, saura kwana uku biki, ya yanke shawara ta ƙarshe. Duk dillalin da ya ci la'ada ba bisa ƙa'ida ba, gaban Sarkin Kasuwa ake kai shi. Ya sa rigarsa ta Sallah, ya sa katin dubu guda, ya tafi rumfar Baba Mani Sarkin Kasuwa, wani dattijo mai farin gemu wanda ya shekara talatin yana raba rigimar mudu da igiya. Kafin ya isa, rabin kasuwa na biye da shi. Masu manja sun bar manja.

"Ranka ya daɗe, ƙara na kawo."

"Ina wanda kake ƙara?"

Ɗanhausa ya kifa mudu a kan tabarma, ya ɗora wayar a kai.

Baba Mani ya daɗe yana kallonta. "To, a ce ta yi sallama."

Blessing ta danna lambar, ta buɗe sifika. Aka sha kiɗa, jama'a na gyaɗa kai. Aka yi sa'a Fatima Zahra'u ce ta ɗauka.

"Ɗiyata," in ji Baba Mani, "Sarkin Kasuwar Yankara ke magana. Ga Ɗanhausa ya ce kun ci mashi la'ada ba ku faɗa ba. Me ya gudana?"

Yarinyar nan ta kwashe komai ta faɗa, cikin ladabi, kasuwa na ji. Ya saya, ya soke. Ya sake saye da tsada, ya sake sokewa. Kuɗin sokewa sau biyu, kuɗin hidima sau biyu. Ya kira ya ce injinsu ramamme ne.

"Ba a nan take ba!" in ji Ɗanhausa. "Ranka ya daɗe, a tambaye ta, a wace kasuwa ake zare wa mutum kuɗi bayan an sallama, ba a faɗa mashi ba? Wane marar tsoron Allah ke yin haka?"

"A kasuwar Yankara," wata murya ta ce daga baya.

Aka buɗa. Rahila ce, Ramatu na gefenta.

"Ranka ya daɗe, kasuwar da ta wuce ya zare mani ɗari biyar, wai kuɗin riƙe igiya. Na ce bai faɗa ba. Ya ce ba a faɗi, haka ake yi."

Kasuwa ta ɗauki sowa. Wani ya ce shi ma an yi masa. Wata ta ce ita kuɗin inuwa aka cire mata.

"Wannan daban!" in ji Ɗanhausa. "Wannan gumina ne! Kun ga ragon da ta kawo? Wani ƙazamin abu mai kama da kyanwa. Dubu arba'in da biyar ta ce, na karya shi zuwa talatin. Wa zai iya wannan in ba ni ba?"

"Ba kowa, Malam," in ji Ramatu a hankali. "Ragonka ne na Pauwa."

Ɗanhausa ya zaro ido.

"Wane... nawa ai ya kusa maraƙi."

"A teburin Sagiru ya kusa maraƙi. A Pauwa iyakarsa ke nan. Ka narkar da akuyata, na aika aka kawo ragonka. Na ce a kai maka don ka fi kowa iya sayarwa."

Daidai nan wata mota ta tsaya a bakin hanya, wani direba ya fito da kwali a kafaɗa yana tambaya, "Wace ce Ramatu? Ga saƙo daga Kanti-a-Aljihu."

"Wannan shi ne na ƙarshen," in ji Fatima Zahra'u daga kan mudu. "An saye shi daga Yankara, kwana huɗu da suka wuce."

"Ni na yi mata oda, ranar da Baba ya tafi Sabuwa," in ji Blessing. "Ta biya ɗari uku da hamsin ɗin, ta ce a gaishe su."

Sagiru ya zauna a ƙasa yana ta dariya. Baba Mani ya rufe baki da gefen rawani, gemu na rawa, sannan ya yanke hukunci. Inji na Ramatu ne. Abin da ya rage a asusu, Ɗanhausa ya riƙe ya sayi wata kyanwar. Ɗari biyar ta Rahila a maida mata yanzu. Kamfani kuma, a gaya masu su riƙa rubuta la'adarsu a sama da manyan baƙaƙe.

"Zan isar, ranka ya daɗe," in ji Fatima Zahra'u. Ana jin ita ma dariya take dannewa. "Kuma don girman Sarkin Kasuwa, na roƙi shugabana, za mu maida wa Baba ɗari uku da hamsin sau ɗaya, kyauta."

Wayar ta yi ƙara. Ɗanhausa ya yi tsalle, hula ta faɗi. "Na ci! Jama'a kun gani! Kamfani guda ya durƙusa! Blessing, ciro mani su yanzu, in riƙe su a hannuna kowa ya gani!"

Blessing ta danna na'urarta, ta miƙa masa ɗari biyu da hamsin.

"Ina ɗari?"

"Kuɗin cirewa, Baba. Ga shi nan a rubuce jikin allo, a sama, tun bara."

"Ka ce har da ragi a kan injin," in ji tsohon nan da aka maimaita wa rantsuwa. "Ni dai na ji da kyau."

Washegari da hantsi aka kafa sabon inji a kan benci a ƙofar gidan Ɗanhausa. Ramatu da Rahila na kwaɓa ƙulli, Daniel ango na ɗaura igiyoyin shanya, gagara-taya kuma ya naɗe hannun riga yana murzawa. Sagiru ya kwaso teburinsa ya dawo da shi nan, ya ce bai taɓa ciniki irin na ranar ba. Duk wanda ya zo wucewa sai ya tsaya ya ce, "Sannu da aiki, Malam. Ya mariƙin, gajere ne?"

Wajen azahar kafaɗa ta ƙage. Ɗanhausa ya dubi injin sama da ƙasa, ya yi tsaki, ya ce aikin nan bai yi masa ba. Ya juya baya, ya harɗe hannuwa a ƙugu, ya kama hanya a hankali.

Ko taku uku bai yi ba.

"Malam!" in ji Ramatu. "Dawo. Saura kwano huɗu."

Ya tsaya cak. Ya juyo, fuskarsa ta washe, ya dubi masu shan shayi ɗaya bayan ɗaya.

"Kun gani?" ya ce, yana kama mariƙin. "Taku uku. Na gaya maku dabarar tana aiki."